Littattafan 'yan mishan: tarihi ne, talla ne ko makirci?

Kwanakin baya gardama ta ɓarke a wani guruf ɗinmu na WhatsApp na 'yan arewa mazauna Agege, daga wani ya turo hoton shafi ɗaya na wani tsohon littafin turanci an ja layi da jan biro a ƙarƙashin wurin da marubucin yake kiran mutanen ƙasarmu da sunaye marasa daɗin ji. Kafin la'asar guruf ya rabu biyu, ga masu cewa kun gani ko, dama duk abin da turawan mishan suka rubuta makirci ne, ga masu cewa ku daina butulci in ba don su ba ko wannan saƙon da kuke turowa da boko ba ku iya rubuta shi ba. Sai da admin ya kulle guruf ɗin kwana guda. Abin da ya ban mamaki, duk cikinmu ba wanda ya tambayi waye ya rubuta littafin, a wace shekara, kuma wa ya rubuta wa.

To wai su waɗannan littattafan da ke ba da labarin aikin mishan a ƙasashen waje mene ne su? Gaskiya suke faɗa ko ƙarya, kuma ya kamata mu karanta su ko mu watsar?

Su waye 'yan mishan, kuma wane "waje" ake nufi

Duk wanda ya taɓa hawa danfo zuwa Ikko ya ji kwandasta yana ihun CMS, CMS, amma ba kowa ya san sunan ƙungiyar mishan ce yake kira ba. Ƙungiyar cocin Angilika ce da aka kafa a Landan a 1799 don tura masu wa'azin bishara ƙasashen da ba Kirista ba, kantin littattafansu da ke wajen Broad Street shi ya sa tashar motar ta ci sunan. Ɗan mishan kenan, wanda cocinsa ko wata ƙungiya ta ɗauki nauyinsa ta tura shi wata ƙasa ya yaɗa Kiristanci, galibi yana haɗawa da makaranta ko ɗakin shan magani. Shi kuma "ƙasar waje" ya danganta da inda kake tsaye, ga mutumin Landan ko Toronto mu ne wajen, mu da Indiya da Sin da tsibiran tekun Fasifik.

Akwai kalma ɗaya da ke yawan rikita mutane. In ka ga Sudan a cikin waɗannan littattafan ba ƙasar da Khartoum take ake nufi ba, tsohon sunan nan ne na Larabawa, Biladus Sudan, wato duk shimfiɗar ƙasar baƙar fata da ke kudu da Sahara. Shi ya sa ƙungiyoyin mishan na SIM (Sudan Interior Mission) da SUM (Sudan United Mission) duka akwai Sudan a sunansu alhali a nan Najeriya suka fara aiki.

Littattafan kuma ba iri ɗaya ba ne, akwai kundin tafiya da mutum ke rubutawa kullum, akwai tarihin rayuwar wanda suke ɗauka gwarzo, akwai mujallun wata-wata na ƙungiya, akwai ƙamus da nahawu da fassara, sannan can baya sai ga na malaman jami'a da suka zo suka bi diddigin na farkon. Wanda ya zuba su duka a kwando ɗaya ya yanke musu hukunci ɗaya ya riga ya ɓata lissafi tun daga farko.

Ba mu aka rubuta wa ba

Nan ne duk maganar take. Mafi yawan littattafan nan ba a rubuta su da tunanin wata rana jikan Bahaushe zai zauna a Obalende ya karanta a wayarsa ba. An rubuta su ne don mutanen gida, mai zuwa coci ranar Lahadi da za a miƙa wa akwatin baiko, tsohuwar da za ta bar wasiyyar wani abu daga dukiyarta, da saurayin da ake so ya karanta jikinsa ya yi tsam ya ce shi ma a tura shi. Aikin mishan kuɗi yake ci, kuɗin jirgin ruwa, albashi, gini, magani, kuma ba gwamnati ke biya ba jama'a ne. To in kai ne kake neman taimako don ka je ka fitar da mutane daga duhu, ai dole ka nuna duhun ya kai duhu. Ba za ka ɓata shafi goma kana yabon alƙalan Kano da marinar Ƙofar Mata da almajiran da suka haddace Alƙur'ani ba, za ka fi tsayawa kan kasuwar bayi da cuta da yaƙi. Abubuwan nan kuwa akwai su, kar mu yaudari kanmu, an yi cinikin bayi a ƙasar Hausa ba ƙage ba ne. Matsalar ita ce zaɓe, me aka ɗauko aka haska, me aka tura bayan ƙofa.

Mu da muke harkar kasuwa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Dillali a Alaba Rago ba lallai ya yi maka ƙarya a kan rago ba, zai nuna maka ƙaho da wuya da faɗin baya, kawai dai ba zai ce ka duba ƙafar baya ta hagu ba.

Ɗauki David Livingstone, wanda ya fi kowa suna a wannan fagen. Littafin tafiye-tafiyensa a kudancin Afirka da ya fito a 1857 an sayar da kwafi kusan dubu 70, ya zama gwarzo a Birtaniya yara suna tashi da labarinsa, amma a wajen aikin da aka tura shi mutum ɗaya tak aka fi sani ya shiga Kiristanci ta hannunsa, wani sarki mai suna Sechele a inda take Botswana yanzu. Kenan tasirinsa ya fi yawa a kan masu karatu a gida, da yawa daga waɗanda suka biyo baya littafi ne ya taso su.

Kuma labarin mutuwa shi ma yana sayar da littafi, ba wai ina izgili ba ne, sun mutu da gaske kuma da yawa. A tafiyar kogin Kwara ta 1841 kusan sulusin turawan da suka shigo zazzaɓi ya kashe su, sai a 1854 da jagoran tafiyar, wani likita Baikie, ya dage kowa ya sha kwinin aka je aka dawo ba a rasa rai ba. A Disambar 1893 samari uku suka sauka a nan Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da niyyar shiga can ciki. Cikin shekara guda Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham ya koma Kanada da ciwo. Daga wannan tafiyar da ta watse SIM ta samo asali, sai 1902 suka samu suka kafa tasha a Patigi, daga ita kuma cocin ECWA ya fito a 1954. Mutum ko bai yarda da aƙidarsu ba zai yarda waɗannan ba yawon buɗe ido suka zo ba.

Lissafin da suka yi a kan Bahaushe

Akwai wani tunani da ke yawo a rubuce-rubucensu na ƙarshen ƙarni na 19, wai Musuluncin Bahaushe na sama-sama ne, Fulani ne suka ɗora masa da takobi, da zarar an karya mulkin Fulani zai rungumi bishara, kuma tunda shi fatake ne yana zuwa ko'ina har Gwanja da Tarabulus to shi zai kai saƙon sauran wurare. A kan wannan fatan aka kafa ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, ta turo Charles Robinson ya iso Kano a ƙarshen 1894 ya koma ya rubuta littafi a kan ƙasar Hausa da kuma ƙamus.

Sai ga 1900, Bishop Tugwell ya jagoranci ayari har Kano, cikinsu akwai wani matashin likita Walter Miller. Sarkin Kano Alu bai ɓata lokaci ba ya ce su tattara su bar masa gari, suka koma Girku ɗaya daga cikinsu ya mutu a can. Bayan turawan mulki sun ci Sakkwato a 1903 kuma Lugard ya yi alkawarin gwamnati ba za ta sa baki a addini ba, daga nan aka riƙa taka wa 'yan mishan birki a masarautun Musulmi, ba don Lugard yana son Musulunci ba sai don mulkinsa a kan sarakuna ya jingina kuma ba ya son tashin hankali. Wannan ne ma ya sa masu cewa ɗan mishan da ɗan mulkin mallaka abu ɗaya ne maganarsu ba ta cika ba. Akwai inda suka haɗa kai ƙwarai, bindigar wannan ta buɗe wa wancan hanya, amma a arewa littattafan 'yan mishan cike suke da ƙorafi a kan razdan da joji, Miller kansa har ya tsufa yana caccakar gwamnatin mallaka a rubuce.

Da ƙofar birane ta rufu sai suka karkata wajen al'ummomin da ba Musulmi ba. Karl Kumm na SUM ya fara a Wase a 1904, wasu suka shiga Filato da kudancin Zariya da Adamawa, mishan ɗin 'yan'uwa na Amurka suka sauka Garkida a 1923 inda cocin EYN ya samo tushe. Wani abin da ba su tsara ba tun farko, da Hausa suka yi yawancin wa'azin a can, har ta zama harshen coci a wurare da dama da ba ƙasar Hausa ba.

Shi Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905, daga baya aka mayar da mishan ɗin Wusasa. Mutanen da suka fi karɓarsa su ne Isawa, ragowar almajiran wani malami da aka kashe a Kano tun kafin zuwan turawa saboda yadda ya fifita maganar Annabi Isa. Jama'ar ba yawa gare su ba amma dubi waɗanda Wusasa ta fitar, Dakta R.A.B. Dikko likitan farko a arewa, Farfesa Ishaya Audu ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci jami'ar Ahmadu Bello, ga Janar Gowon shi ma a can ya tashi.

Waɗanda ke tsaye a bayan hoto

Bayan rigimar guruf ɗin nan na biya Yaba wajen masu baza littattafan gwanjo a ƙasa, na tsinci wani tsohon littafin mishan bangonsa ya fita takardar ta yi ja tana warin ruma, mai kayan ya ce dubu biyu muka daidaita a ɗari takwas. A tsakiya akwai hoto, bature da matarsa a kan kujera an rubuta cikakken sunansu, bayansu baƙaƙen fata wajen bakwai a tsaye an haɗa su duka da kalma biyu na turanci, wato "mataimakanmu" kawai. Na daɗe ina kallon wani mai hula a gefen dama, da gani shi ne tafinta, shi ya san hanya shi ya san yaren shi zai shiga fada ya yi gaisuwa, amma ko sunansa babu.

Haka abin yake a mafi yawansu. Bature ɗaya ba zai iya wa'azi a ƙauye ɗari ba, malaman makaranta da masu bishara 'yan ƙasa su suka yi aikin ƙafa, labarin kuma ya fita da sunan wanda ya riƙe alƙalami.

Ko wanda sunansa ya fita ma bai tsira ba. Samuel Ajayi Crowther an kama shi bawa yana yaro, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a 1822 aka kai shi Saliyo, ya yi karatu ya dawo ya yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki da Yarbanci, a 1864 ya zama bishop baƙar fata na farko a cocin Angilika. An san shi da iya zama da sarakunan Musulmi, ya yi hulɗa ta mutunci da Etsu Masaba na Bida. Amma wajen 1890 wasu samarin turawa masu zafin kai suka zo suka ce ma'aikatansa baƙaƙe ba su cancanta ba, suka kore su da yawa suka tozarta tsohon a gaban kwamiti, ya rasu a nan Legas ranar ƙarshe ta 1891. Sai a 2014 shugaban cocin Angilika na lokacin Justin Welby ya fito fili ya nuna nadama kan abin da aka yi masa. Titin Herbert Macaulay da muke bi kullum a Yaba sunan jikansa ne.

Mu kuma namu shi ne Dorugu, yaro daga yankin Damagaram da aka kama bawa, ya samu 'yanci ya bi wani matafiyi Bajamushe Heinrich Barth har Ingila a 1855. Wani ɗan mishan Bajamushe James Schön ya zaunar da shi yana ba da labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da Hausa shi kuma yana rubutawa, da wannan Hausar ta Dorugu Schön ya ƙarfafa nahawunsa na 1862 da ƙamus na 1876 da Magana Hausa na 1885. A bango sunan Schön ne, bakin kuwa na Dorugu ne. Daga baya ya dawo gida har ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Kano.

Abin da ba za a ƙwace musu ba

Aikin harshe dai sun yi shi. Ɗan Hausa ɗin nan, Hanns Vischer, da sunan mishan ya fara shigowa kafin ya koma aikin gwamnati ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, haka Bargery mai babban ƙamus na 1934 wanda har yau malaman Hausa ba su da kamarsa, shi ma CMS ce ta kawo shi. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932 kuma Miller ne ƙashin bayan aikin. Sai dai masu cewa su suka koya mana rubutu su ma sun zarce, ana rubuta Hausa da ajami tun kafin su zo, shi kansa Robinson waƙoƙin malamai ya samu a rubuce ya kwasa ya buga a Kambirij a 1896.

Ga kuma asibiti. Daga shekarun 1930 sarakuna da gwamnati suka yarda 'yan mishan su riƙe wuraren jinyar kutare irin su Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato da Babbar Ruga a Katsina, ga asibitin ido na Kano tun 1943 wanda har gobe mutane ke zuwa daga Nijar da Chadi. Su ba su ɓoye cewa magani ƙofar wa'azi ce a wurinsu ba, yana nan a rubuce ƙarara a littattafan nasu, shi ya sa iyayenmu suka riƙa karɓar maganin suna kaffa-kaffa da makarantar. Ruwa dai ba ya tsami banza. Wannan ɗari-ɗarin, haɗe da hana su shiga masarautu da kuma rowar gwamnatin mallaka wajen gina makarantu, yana cikin dalilan tazarar boko tsakanin arewa da kudu, ka tuna Legas ta samu sakandaren CMS tun 1859.

Da 'yan ƙasa suka karɓi alƙalami

Bayan 'yancin kai abin ya sauya. J.F. Ade Ajayi, wanda daga baya ya shugabanci jami'ar Legas, ya fitar da littafinsa kan mishan a Najeriya a 1965, E.A. Ayandele ya biyo shi a 1966, dukansu Kiristoci ne amma ba su raga wa turawan ba wajen nuna wariyar launi da raini. Abin lura shi ne da takardun 'yan mishan ɗin suka yi aiki, wasiƙunsu da kundinsu, suka karanta su ta wata fuska suka zaƙulo mutanen da aka ɓoye. Lamin Sanneh ɗan Gambiya ya zo da tasa fahimtar a 1989, cewa fassara littafin addini zuwa harsunan gida ta ɗaukaka harsunan har ta ba mutane makamin ƙalubalantar baturen kansa. Akwai masu ja da shi, amma magana ce mai nauyi.

To ina ruwan mai sayar da tumatir a Mile 12?

Ruwansa shi ne shafi ɗaya ake yankowa a turo masa. A Legas duk wanda ya fito daga arewa Bahaushe ne a idon mutanen gari, aboki ne ko mala, ko sunansa Musa ko Bitrus, layi ɗaya muke haya rijiya ɗaya muke ɗiba, in rikici ya tashi a kasuwa ba a tambayar waye ke zuwa masallaci waye ke zuwa majami'a. Maganar da wani bature ya rubuta shekara 120 da suka wuce don ya tara kuɗi a Manchesta, in ka ɗora wa maƙwabcinka Kirista ita ka zalunce shi, don kakansa ma cikin "arna" aka lissafa shi a wannan littafin. Shi ma wanda zai ɗauko shafin kasuwar bayi ya ce ga tarihin Musulmi gaba ɗaya, aikin dillalin nan ya yi. Kuma tsakani da Allah salon bai mutu ba, rahoton da ƙungiyoyin agaji ke tura wa masu ba su kuɗi yau haka yake, hoton yaro mai ƙuda a ido a shafin farko, har wasu namu masu neman tallafin da'awa a ƙasashen Larabawa ba su kuɓuta daga wannan ba. Wani abin dariyar ma yanzu kwatancen ya juya, cocin Redeemed da aka kafa a nan Legas a 1952 ita ke tura fastoci Landan da Amurka, su ma suna rubuto wa mutanen gida labarin yadda turawa suka bar Allah.

Littafin da na saya na kai wa wani dattijo mai gadi a layinmu, mutumin wajen Zariya ne Kirista, Hausarsa ta fi tawa nesa ba kusa ba. Na ce Baba ga littafin mutanenku. Ya sa tabarau ya yi ta juya shafi bai kula rubutun ba har ya iso kan hoton nan, ya tsaya ya kai shi kusa da fitila. Ya ce ɗana, kakana ma haka ya yi wa wani bature tafinta shekara da shekaru, ko hoto ɗaya ba mu da shi. Ya roƙe ni in bar masa littafin zuwa Lahadi zai nuna wa wani tsoho a cocinsu ko zai gane wurin da aka ɗauka, yau sati uku kenan bai dawo da shi ba ni kuma na kasa tambaya.